Wane shaf za ka ɗaura wa motar dizal da aka ƙara wa ƙarfi: na kwali, na Baljiyam, ko na oda?

Duk wanda ya ƙara wa injin dizal ƙarfi, hanya ɗaya yake bi ko bai shirya ba. A sake wa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, lissafi, a sa nozul masu faɗin baki, in aljihu ya yarda a ɗaura babban tobo. Ba a daɗe ba kuloci ya fara sulɓi, a canza shi da mai riƙo. Daga nan ciwon sai ya gangara ya sauka a kan shaf, sandunan nan biyu da ke ɗauko juyi daga giyabos su kai wa tayoyin gaba. Wani ya fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ya karya kwana, wani mota ta riƙa karkarwa da zarar ya taka totur a hawan da ake yi in an nufi Tumfure, wani kuma ƙara ɗaya zai ji, injin na ta ihu, mota ta ƙi motsawa.

A nan ne masu shawara ke yawa. Mai shago ya miƙo sabo a kwali, bakanike ya ce Baljiyam ya fi, samarin da ke kwana kallon bidiyon tseren motoci su ce sai an yi oda daga Amurka, mai walda kuma ya ce kawo ya haɗa maka da na wata mota. Ni ra'ayina a fili yake: ga mafi yawan motocin da aka taɓa a Gombe, kayan kamfani na asali ne suka fi dacewa, musamman babban samfurin da kamfanin ya yi wa motocinsa masu ƙarfi, domin abin da ke kashe shaf a garin nan ba yawan doki, wato ƙarfin injin, ba ne. Zan kafa misali da Golf 4 da Bora masu injin 1.9 TDI, tunda yana cikin injinan dizal na ƙananan motoci da aka fi taɓawa, amma lissafin ya shafi kowace mota mai ja da tayoyin gaba.

Injin 1.9 TDI ya fito kala-kala. Mai doki 90 yana ba da ƙarfin murɗa 210 Nm, mai doki 110 yana ba da 235. Sai masu famfo a kan kowace nozul, waɗanda ake kira PD: mai doki 130 yana da 310, mai 150 yana da 320. Duk wannan yana zuwa ne tun injin yana juyi 1,900 a minti, bai ma ɗaga murya ba. Golf mai fetur 1.6 ba ta wuce wajen 150 ba, shi ma sai injin ya yi kuka. Gyaran birenbos kaɗai yana iya kai PD 130 kusa da 400, in an haɗa da babban tobo ya zarce haka.

Amma shaf ba ƙarfin injin yake ɗauka kai tsaye ba, giya ce ke ninka masa. A giyabos mai giya biyar na TDI mai doki 90, samfurin 02J, giya ta ɗaya tana ninkawa sau 3.78, dif, wato giyar ƙarshe da ke raba juyi ga tayoyi biyu, ya sake ninkawa sau 3.39, jimla kusan sau 12.8. Wato 210 ya zama kusan 2,700 Nm, shaf biyu su raba. In ka kai injin 350, lissafi ya ce kusan 4,500. Sai dai taya ba za ta yarda ba. Gaban Golf 4 nauyinsa wajen kilo 800 ne, kuma da taya 195/65 R15 a kan busasshiyar kwalta, abin da tayoyin biyu za su riƙe kafin su fara sulɓi bai wuce wajen 2,500 ba. Ko motar da ba a taɓa ba tana kai shaf wannan iyaka a giya ta ɗaya, kamfani ya san da haka, ya kuma ƙera shi da rara. Abin da ƙarin ƙarfi ya canza shi ne tsawon lokacin wahalar. A giya ta biyu, inda ninkin yake kusan 7.2, injin da ba a taɓa ba yana ɗora wa shaf 1,500, wanda aka kai 350 yana ɗora 2,500. Nauyin da a da sai wajen tashi yake zuwa ya wuce, yanzu yana nan duk lokacin da ka sauko giya za ka wuce tirelar siminti a hanyar Bajoga. Wannan yana cinye kan shaf, wato gaɓar da ke lanƙwasa a kowane ƙarshen sandar, da wuri, amma ba kasafai yake karya shi ba.

Mai karyawa fizga ce. Bayan ruwan sama, yashin da ruwa ya kwaso yana kwanciya a bakin kwalta a unguwanni da yawa na garin nan. Ka fito daga layi, tayar dama na kan yashi tana juyawa a banza da gudu, sai ta cafki kwalta. A ƙiftawar idon nan duk gudun filawil da giya da taya a wuyan shaf yake tsayawa, kuma ya ninka abin da lissafin sama ya nuna. Haka in taya ta shiga tsalle wajen tashi da ƙarfi, tana kamawa tana saki, kowace dira duka ce. Na biyu karya kwana. Kan shaf na waje, samfurin da Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya ƙirƙiro a shekarun 1920, ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikin keji. Yana lanƙwasa har digiri 45 ko ɗan fiye, amma iya lanƙwasarsa iya raunin da yake yi. Wanda ya murɗe sitiyari har ƙarshe zai juya a tsakiyar titi, ya hango mota tafe ya danna totur, keji yake fasawa. Na uku ƙura, wadda ta fi duka yawan kisa. Robar shaf ta tsage, giris ya fantsama, ƙasa ta shiga, sauran kwana kaɗan ne ko da ƙarfen jirgin sama aka yi shi.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, ka sa a kwance wanda ya lalace, a wanke da kananzir, a shimfiɗa a kan kwali, ka tsuguna da kanka. Ka fara lakato tsohon giris ka murza tsakanin yatsu. In ya koma ja-ja kana jin tsakuwa-tsakuwa, an gama bincike, roba ce ta ci amana. Ka sa farce a cikin kwarmin da ƙwallaye ke bi. In farcen ya faɗa wani ɗan gurbi a daidai inda ƙwallo ke zama, tsufa ne da nauyi. In ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, zafi ne da ƙarancin giris. In keji ne ya tsage a kusurwar tagarsa, fizga ce a cikin kwana. Sai ka duba haƙoran da ke bakin sanda. Ya kamata su miƙe sambal. In ka ga sun karkace gefe ɗaya, ko sandar ta murɗe ta tsinke a gindinsu, to wannan kaɗai ne ke shaida cewa sandar ta yi wa injinka ƙanƙanta. Bakanike mai tsoron Allah zai ɗago ya ce maka, "Alhaji, wannan ba ƙarfi ne ya kashe shi ba, ƙasa ya sha." Wanda ba haka ba zai ce tunda ka ƙara wuta sai haƙuri, ya aiki yaro shago.

Abin da yaron zai dawo da shi, galibi, sabon shaf ne cikakke a kwali, da fenti baƙi yana sheƙi, da kuɗin da bai kai na kan shaf guda na asali ba. Ba zan ce ba shi da amfani ba. A motar haya mai fetur 1.6 da ke zirga-zirga tsakanin Gombe da Kumo yana yin aikinsa daidai kuɗinsa. A TDI da aka taɓa kuwa araha ba ta ado. Shaf ɗin dama na asali, wanda ya fi tsawo, bututu ne mai kauri da rami a ciki. An yi shi haka ne don kada ya yi nauyi, kuma ya murɗu daidai da gajeren na hagu, mota ta daina fizgar sitiyari in an taka. Masu araha da yawa siririyar sanda ce curarriya, shi ya sa ake ɗaura sabo fil a fito gareji ana jin karkarwar da babu ita a da. Ƙarfen kwarmin bai sha wuta yadda ya kamata ba, ƙwallaye su haƙa gurbi da wuri. Robar kuma ba ta jure zafin Maris da Afrilu. Sannan kwali ɗaya an jera masa sunayen motoci barkatai, mai ƙaramin injin da mai babba, alhali kamfanin motar bai yi musu kai iri ɗaya ba. Kada kuma sunan da ke jikin kwali ya ruɗe ka, buga suna ba ya wahala.

In dole ta sa ka ɗaura shi, misali mota ta tsaya maka a Kaltungo da yamma, ɗaura ka iso gida. Amma ka karɓi tsohon naka ka jefa a but. Sandar asalin nan da yaran gareji za su auna wa mai gwangwan ita ce abu mafi daraja a cikin duk abin da aka kwance.

Baljiyam ya fi na kwali nesa ba kusa ba, in an dace. Ƙarfe ne na asali, galibi aikin GKN ko wani kamfani irinsa da ke yi wa masu ƙera motoci kaya. Matsalarsa a wurinmu ɗaya ce, kuma babba: daga jikin wace mota aka cire shi? Golf da Bora da Sharan da suka cika hanyoyinmu kusan duk masu fetur ne, kayan da ake kwasowa daga Turai ma kasuwarsu ake bi. In ka ce "shaf ɗin Golf 4" a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Ladipo a Legas, abin da ya fi kusa da hannun mai shago na ƙaramin injin fetur ne, ko na mai giya otomatik. Zai iya shiga hob ɗinka, inda taya ke zama, lafiya lau, tunda haƙoran waje 36 ne, amma kansa ƙarami ne, ko tsawonsa ya bambanta da 'yan milimita. Gajere zai riƙa jan kan ciki har ya kusa zarewa in taya ta faɗa rami, dogo zai riƙa dukan ƙarshen gidansa yana tura giyabos. Duka biyun ba a gane su a gareji, sai a hanya.

Shi ya sa sayen Baljiyam ta waya, a ɗoro maka a motar haya ba ka gani ba, caca ce. Ka tafi da tsohon, ko ka aika shi, a jera su a ƙasa kai da kai. A auna faɗin kan ciki, a ƙirga haƙora, a duba lambar da ke kan takardar da ke manne a sanda in ba ta goge ba. Sannan ka riƙe sanda da hannu ɗaya, kai da ɗayan, ka murɗa gaba da baya. Kan waje bai kamata ya yi ƙwal-ƙwal ba. Kan ciki ya shige ya fito sumul, ba tare da ya maƙale a wani wuri ba. Mafi muhimmanci, ka nemi a yanke kilif a zame roba ka ga giris. Mai shago zai ce, "Haba Yallaɓai, in na buɗe wa zai saya?" Ka ce masa kai za ka saya in cikin ya yi kyau, kuɗin kilif kuma a kanka. In ya ƙi, shago na gaba. Ko ya yi kyau, ka tuna Golf 4 ta fara fitowa ne a 1997, robar da ke jikinsa ta ga shekaru, sabuwa za a sa da sabon giris kafin ya hau mota.

Hanyar da na fi so ga motar da ba ta wuce gyaran birenbos da nozul ba ita ce wadda ba a cika tallata ta ba, don ba ta da riba ga mai shago: ka bar sandarka ta asali, ka sa mata sababbin kawuna na gaske. GKN na sayar da su da sunan Löbro da Spidan, kowane kai da robarsa da giris da kilif da noti a kwali ɗaya. Tsawo bai canza ba, bututun dama na nan, ƙarfen kai kuwa irin wanda motar ta fito da shi ne. Wahalar ita ce samun na gaskiya, sai ta hannun dila da ka amince da shi ko wani da ke zuwa daga waje, sannan aikin na son bakanike mai natsuwa. Kan ciki mai ƙwallaye yana da yadda ake jera shi, faffaɗan gefen zoben waje yana fuskantar siririn gefen na ciki. In aka juya, zai haɗu tsaf amma ya ƙi shiga da fita, kuma akwai masu sa masa guduma su ce sabunta ce. Giris ma ba ɗaya ba ne. Masu ƙwallaye baƙin giris mai sinadarin moli suke so, mai ƙafa uku da ƙananan allurai a ciki nasa daban ne, ya fi ruwa-ruwa. Giris ɗin boris na gwangwani da ake lakatowa da tsinke ba na ko ɗaya ba ne. Kilif kuma a matse shi da abin matse shi. Waya ko tsinken robar tif da ake ɗaurewa da su, su ne mafarin yawancin ƙas-ƙas ɗin da ake ji a garin nan.

In kuwa binciken kan kwali ya nuna kan ciki ne ke mutuwa akai-akai alhali robarsa lafiya, ko haƙora sun karkace, to lokacin ƙarin girma ya yi, kuma Volkswagen ya riga ya yi maka aikin. Kawunan ciki na waɗannan motocin dizal iri biyu ne a faɗi: milimita 100 mai notuna M8, da milimita 108 mai notuna M10. Babban shi aka sa wa masu ƙarfi. Milimita takwas kamar ba komai ba, amma ƙwallaye sun fi girma, sun fi nisa da tsakiya, nauyin da ke kan kowanne ya ragu. A sanda ma haka lissafin yake, ƙarfinta na jure murɗa yana hawa ne da kauri sau kauri sau kauri: ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kauri yana ba da ƙarin kusan kashi 33 a ƙarfi. Giyabos 02J yana karɓar faifan 108, wato wanda ake ɗaure kan ciki a jikinsa, a madadin na 100, noti ɗaya ne a tsakiya ke riƙe da shi. A canza faifan biyu, a sa sabon sil, a nemo shaf na 108 da aka yi wa giya biyar, a cika man giya. Ka lura, a cikin masu 108 akwai mai ƙwallaye akwai mai ƙafa uku, ka san wanda ke hannunka kafin ka sayi roba da giris.

Mataki na gaba shi ne a sauke 02J gaba ɗaya a ɗaura 02M mai giya shida, wanda PD 130 da PD 150 suka fito da shi a Golf 4. Wannan ba sayen shaf ba ne kuma, aure ne da dangi: filawil da kuloci mai faɗin milimita 240, sitata, wayoyin giya, mazaunin giyabos, da shaf nasa na kansa don na giya biyar ba sa shiga. Kuɗi ne mai yawa, kuma sai an samo komai daga mota ɗaya ake hutawa. Amma ga wanda ya doshi 400 Nm ko ya wuce, nan kuɗin ya kamata ya tafi, saboda dalilin da masu son shaf mai ƙarfi ba sa son ji.

Shaf kamar fis yake a layin wuta. In ka cire fis ka sa ƙatuwar waya, wutar ba ta fasa zuwa ba, wani abu mai tsada ne zai ƙone a madadinsa. A giyabos 02J, babbar giyar dif ribit ne ke riƙe da ita, ba noti ba, kuma sananne ne cewa fizga tana tsinke su. In ɗaya ya tsinke yana iya huda gangar giyabos ya fito, mai ya tsiyaye a titi. Shaf ya karye, aikin yini ne. Giyabos ya fashe, sai an nemo wani na dizal, wanda ba kowane shago ke da shi ba, kuma na fetur in ka ɗaura giyarsa gajeru ne, injin zai yi ta kuka a hanyar Bauchi yana shan mai. Masu yin abin da tsari suna buɗe giyabos su cire ribit su sa notuna masu ƙarfi, wasu su sa dif mai hana taya ɗaya juyawa a banza, irin na Quaife ko Wavetrac ko Peloquin. Wannan dif yana maganin matsalar yashi da kwalta sosai, sai dai yana iya tura mafi yawan ƙarfin ga shaf ɗaya, don haka shi da ƙaramin kai na 100 ba sa daɗewa tare.

Sai na oda, wanda ake ta buri. Kamfanoni irin su Driveshaft Shop a Amurka suna ƙera sanduna da ƙarfen 4340 ko 300M, na biyun shi ne wanda ake ƙafafun saukar jirgin sama da shi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne wannan ƙarfe bai fi na kamfani tauri wajen murɗuwa ba, kusan duk ƙarafa ɗaya suke a nan. Fifikonsa shi ne yana murɗuwa da nisa ya dawo daidai ba tare da ya lalace ba, wato yana shanye fizga. Kaya ne na gaske, an yi su ne don motar da ke tashi da faffaɗan taya mai danƙo a filin tsere. Kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, wasu sun haura dubu, kafin jigila da kwastan. Kuma ba su san hanyar Dukku ba. Robarsu in ta tsage ƙasa za ta cinye su yadda take cinye na kwali, sannan babu mai irinta a kusa, mota ta zauna jiran saƙo. In aka yi kuskuren awo wajen oda, mayarwa wani tashin hankali ne. Ban ga dalilin sayensu ba sai ga wanda ya riga ya sa 02M ko ya gyara dif, ya sa kawuna 108 na asali, ya kuma ci gaba da murɗe sanda. Irin wannan mota a jihar nan ba ta da yawa.

Yanka da walda ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Zafin walda yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, sandar ba ta sake miƙewa daidai, kuma a gefen ɗinkin take tsinkewa, sau da yawa ana cikin gudu, guntun ya yi ta dukan duk abin da ya samu a ƙarƙashin mota. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Akwai abubuwa masu sauƙin kuɗi da suka fi canjin shaf tasiri, kuma kowane zaɓi ka ɗauka sai ka haɗa da su. Injin sit na ƙasa, wanda ke hana injin tuntsurawa gaba da baya, in robarsa ta mutu shi ke jawo tsallen taya. Sabo mai ɗan tauri yana kashe tsallen, ko da yake za ka ɗan ji karkarwar dizal a sitiyari in mota na tsaye. Shokozoba da ta mutu ita ma haka. Tsayin mota kuma a bar shi kusa da yadda ya fito. Samari suna sauke mota don ado, mu kuma nan an fi ɗaga ta da dogon sifirin ko ƙarin roba saboda ramuka da tudun rage gudu. Ko wanne ka yi, ka sa kan ciki yana aiki a karkace dare da rana, shi kuwa kwanarsa ba ta kai rabin ta kan waje ba sosai. Masu Hilux da ke ɗaga gaba su sa manyan tayoyi su ma wannan ce ke cinye musu shaf, ba injin ba. Akwai kuma wani ɗan faranti da ke kare robar ciki ta dama daga zafin tobo da bututun salansa. Sau da yawa in an sauke giyabos ba a mayar da shi, robar ta gasu ta tsage, a ɗora wa ƙarfin injin laifi.

Mai gyaran birenbos ma yana da hannu. Lissafin da ke zubo duk ƙarfin lokaci ɗaya tun ƙasa da juyi 2,000 yana burge mai mota a zagayen gwaji, amma shi ne ke kashe kuloci da filawil da shaf a jere. Ka ce masa ya shimfiɗa shi, ƙarfin ya hau a hankali. Dokin sama ba zai ragu ba. In kuma an cire filawil mai hawa biyu an sa curarre, a tabbata faifan kuloci mai sifirin ne a tsakiya, in ba haka ba duk bugun injin dizal zai wuce kai tsaye zuwa giya da shaf.

To ga yadda zan raba. Mai doki 90 ko 110 da ya yi birenbos da nozul, yana yawonsa cikin gari da zuwa Bauchi ko Yola: sandarsa ta asali da sababbin kawuna na gaske, in sandar ta salwanta ya nemi Baljiyam na dizal da idonsa. Wanda ya canza tobo yana kan giya biyar: faifai da shaf na 108, kuma duk ranar da aka sauke giyabos a cire ribit ɗin dif. Mai PD 130 ko 150 da 02M ya riga ya mallaki babban samfurin, abin da yake bukata roba mai kyau da injin sit, ba oda ba.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kai. Notunan kan ciki ana ɗaure su ne a gicciye da sifana mai awo, M8 a 40 Nm, M10 a 70, a kan fuska busasshiya da ba giris, da ƙananan farantansu a ƙarƙashi. Yawancin shaf da ake cewa ya fita da kansa notunan nan ne suka kwance. Babban notin bakin taya sau ɗaya ake amfani da shi, sabo za a sa, kuma kada a sauke mota a tura ta yana kwance, boris ɗin taya ne zai tafi. In an gama, ka sa a ɗiga farin fenti a kan kowane noti ya gangaro jikin ƙarfen da yake riƙe. Bayan mako ɗaya a ɗaga motar a leƙa: in layin fentin ya rabu, notin ya motsa, a sake ɗaure shi, a kuma shafa hannu a bayan kowace roba a ji ko giris ya fara fita.